Wa ya shigo gonarka da dare? Koyi karatun sawu

 

Ɗan'uwa, ka tashi da asuba ka tarar da akurki a buɗe. Kaji biyu babu, sai gashi warwatse bisa ƙasa. Maƙwabcinka ya ce dila ne. Uwargida ta ce muzuru ne. Yara sun ce karen gidan wane ne, sun gan shi yana shawagi tun jiya. Kafin hantsi magana ta yi zafi tsakanin gida biyu. Wani kuma ya ba ka shawara ka sayo guba ran kasuwa ka zuba cikin mushe. Amma duk cikinku ba wanda ya ga ɓarawon da idonsa. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

To, akwai hanyar da za ka san wanda ya zo, ba tare da ka kwana waje ba, ba tare da ka kashe ko dala ba. Duk dabbar da ta taka ƙasa sai ta bar sawu. Kai da ka yi yaƙi da jahilci ka iya bambanta baƙi da baƙi bisa allo. Sawu ma haka yake, kowace dabba da irin rubutunta. Abin da za ka yi shi ne ka gyara mata wurin rubutu, ka sa abin da zai jawo ta, da safe ka zo ka karanta. Wannan wuri shi muke kira fagen sawu.

INA DABARAR TA FITO

Bin sawu tsohon ilimi ne a ƙasarmu. Maharba da makiyaya da masu neman ɓataccen raƙumi sun san shi tun kaka da kakanni. Abin da aka ƙara a kai shi ne tsari da rubutu da lissafi.

A ƙasar Amurka akwai wata dabba mai kama da dila wadda take kama tumaki. A shekarar 1972 ma'aikatan kula da namun daji na can suka fara auna yawanta kowace shekara cikin jihohi 17 na yammacin ƙasar. Sukan share ƙasa su yi da'ira mai faɗin kusan metir 1, su tankaɗe ƙasa mai laushi a kai, su aje abu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a tsakiya. Sukan jera irin wannan fage guda 50 a bakin hanya, tsakanin ɗaya da ɗaya kusan rabin kilometir. Kowace safiya sai su bi su rubuta abin da ya taka. Daga baya masu binciken daji na ƙasashe da dama suka ɗauki dabarar. Yau suna da na'urar ɗaukar hoto da ake ɗaurewa jikin icce, tana aiki da kanta cikin dare, amma tana da tsada. Fagen sawu kuwa ƙasa ne da toka, kuma ƙasarmu mai rairayi ta dace da shi ƙwarai.

DON ME ZA KA WAHALAR DA KANKA

Dalili na farko, magani ba ya ci sai an san cuta. Abin da zai hana dila shiga akurki daban yake da abin da zai hana inyawara. Dila tona ƙasa yake, ko ya ture murfi. Inyawara hawa take, ta bi ta ƙaramar kafa daga bisa. In ka toshe ƙasa alhali ɓarawo ta sama yake zuwa, ka yi aikin banza.

Dalili na biyu, yawancin waɗannan dabbobi ma'aikatanka ne da ba ka biya. Yanyawa, bodari, tunku, mussar daji, bushiya da mujiya, babban abincinsu kusu da ɓera da fara da ƙwari. Akwai kusun gona da take haihuwa bayan sati uku da ƴan kwanaki, kuma haihuwa guda tana iya kai ƴaƴa goma ko fiye. In masu cinta suka ƙare, wa zai tare ta? Dattawa suna tune da 1975 da 1976, bayan babban fari, lokacin da kusu ya yi yawa cikin ƙasashen Sahel yana tone shuka tun ba ta tsiro ba. Haka ya sake faruwa a 1986 da 1987. Ruwan sama da yawan ƴaƴan ciyawa su ne suke sa kusu ya yawaita, amma gonar da take da masu farautarsa ta fi wadda ba ta da su.

Dalili na uku, guba ba ta da ido. A shekarun baya an zuba guba cikin mushe a wuraren kiwo don kashe kura da dila. Ta kashe su, ta haɗa da karnukan makiyaya da hankaki da ungulu. Ungulu ita ce mai share mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, ga shi yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashenmu, kuma guba tana cikin manyan dalilai. Wanda ya san ainihin ɓarawonsa ba ya bukatar ya hallaka daji duka saboda kaza biyu.

KAYAN AIKI

Ba abin da za ka saya. Ka tanadi hauya, da rariya irin ta tankaɗe gari wadda ta tsufa, da turke ƙarami, da igiya mai tsawon rabin metir, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ka nemi ɗan katako mai santsi ko marfin kwano na lallaɓe ƙasa, da buhu na ɗaukar toka, da tsumma ko auduga, da tsinken icce mai tsawon taƙi ɗaya. Kada ka manta kaye da bik. Ka sa kuɗin ƙarfe na dala ashirin cikin aljihu, faɗinsa santimetir 2 da rabi ne da ɗan kaɗan, da shi za ka auna sawu in ba ka da abin awo na ƴan lakkwal.

Abin wari iri biyu ne. Na masu cin nama: ka fasa ƙwai biyu cikin kwalba, ka ƙara ruwa kaɗan, ka aje cikin rana kamar sati guda har ya ruɓe. Kada ka ɗaure bakin kwalbar tam, iska tana taruwa ciki. In kana sauri, ruwan da aka jiƙa busasshen kifi ko man gwangwanin sardin yana yi. Na masu cin hatsi, irin su kurege da burgu da kusu: ka daka ƙuli-ƙuli kaɗan ka kwaɓa da ruwa, ka shafa bisa dutse.

Ka lura, wari kawai ake so. Kada ka aje nama ko abinci da yawa. Dabbar da ta ƙoshi a bakin gonarka yau, gobe za ta dawo, kai ne ka koya mata hanya.

YADDA AKE GYARA FAGE

Ka zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe. Ka kafa turke, ka ɗaura igiya, ka zagaya da ita ka zana da'ira. Faɗinta zai zama metir 1. Ka cire ciyawa da ƙaya da tsakuwa duka, ka daddaɓe ƙasar ta kwanta.

Sannan ka tankaɗe ƙasa mai laushi a kai, kaurin yatsa ɗaya. Rairayi zalla in ya bushe ba ya riƙe sawu, gefen sawun yana rugujewa, sai ka ga rami kawai. Don haka ka gauraya shi da toka ko da garin laka, misali kwano biyu na rairayi, kwano ɗaya na toka. In ƙasar ta bushe ƙwarai ka yayyafa ruwa kaɗan da marece. Kada ta yi kauri, ƙafa za ta nutse yatsu su ɓace. Ka lallaɓe da katako har ta yi sumul.

Ka naɗe tsumma a kan tsinke, ka tsoma cikin abin wari, ka kafa shi a tsakiyar da'ira. Tun da yana tsakiya, duk dabbar da ta zo sansana sai ta taka fage. Ka yi wannan daga gefe ɗaya, kada ka zagaye wurin da sawunka da warin jikinka. Dila ba banza aka ce masa malamin daji ba.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka manta shi: ka danna tafin hannunka a bakin da'ira, daga ciki. Wannan shi ne shaidarka. In da safe ka tarar da hannunka yana nan sarai, fagen ya yi aiki, ko an taka ko ba a taka ba. In iska ko ruwa ya shafe hannunka, to ya shafe sawun dabba ma, daren nan ba ya cikin lissafi.

WURI DA LOKACI

Dabbobi ma suna son hanya mai sauƙi. Ka yi fage a gefen turba, a kan iyakar gona, a bakin shinge, kusa da tabki ko fadama, ko inda burtali ya ratsa daji. Ka ɗan kauce daga tsakiyar hanya don kada garke ya tattake shi. Kada ka yi fage mai wari kusa da akurki ko garken awaki ko bayan gida. Ka nisanta shi kamar taki ɗari.

In kana so ka san dabbobin karkararku duka, ka yi fage goma, tsakanin kowane biyu taki 300, ɗaya dama da hanya, na gaba hagu. Tsawonsu duka zai kai kusan kilometir 2. In suka yi kusa da juna ƙwarai, dila ɗaya zai bi su duka, ka ce dila goma ne.

Ka gyara fage bayan la'asar sakaliya, lokacin da bisashe suka koma gida. Ka dawo da sassafe, rana tana fitowa, kafin a saki awaki, kafin iskar hunturu ta taso. A lokacin nan hasken rana yana kwance, inuwa tana faɗawa cikin sawu ya fito sosai. Ka tsaya sawun yana tsakaninka da rana. In ka karanta ka rubuta, da marece ka sake lallaɓe ƙasa, ka sabunta wari. Ka yi haka dare uku a jere. Dabbobin rana, irin su kurege da damo da jan biri, sai ka gyara fage da safe ka duba da marece.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, da kuma bazara kafin ruwa ya sauka. Cikin tsakiyar damana ruwa yakan ɓata aiki.

TAMBAYOYI HUƊU GABAN KOWANE SAWU

Kada ka yi garajen faɗin suna. Ka durƙusa, ka nemi sawun da ya fi fita, ka tambayi kanka. Yatsu nawa ne, huɗu ko biyar? Akaifu sun fito gaban yatsu ko ba su fito ba? Girmansa nawa ne, dala ashirin nawa za su jeru cikin tsawonsa? Yaya tafiyar take, miƙe take, ko tsalle, ko akwai layin wutsiya a tsakani? Ka tuna ƙafar gaba da ta baya ba lalle su zama iri ɗaya ba, kada ka ƙirga dabba ɗaya sau biyu.

MASU YATSU HUƊU DA AKAIFU

Kare da dila da yanyawa dangi ɗaya ne. Sawunsu ya fi tsawo bisa faɗi, kamar ƙwai, kuma akaifu suna fita gaban yatsu.

Sawun dila ya kai santimetir 5 zuwa 6, wato dala ashirin biyu a jere. Siriri ne, yatsun a matse suke, na tsakiya biyu sun yi gaba. Tafiyarsa miƙe take kamar mai zuwa aike. Sawun kare ya fi buɗewa, yatsun a baje, kuma kare yana karkace nan da can, ya tona, ya yi wasa. Ƙaramin kare da dila suna ruɗa mutum. Maganin wannan, ka sa karen gidanka ya taka gyararriyar ƙasa, ka zana sawunsa, ka riƙe don gwadawa.

Sawun yanyawa irin na dila ne amma ƙarami, kamar santimetir 3. Tana zama cikin ramu da iyalinta, dare take fita. Tana cin kusu, fara, gara, ƙadangaru, takan taɓa kankana da guna. In fagenka ya nuna yanyawa da yawa, gonarka tana da masu gadi.

Sawun kura babba ne, santimetir 8 ko fiye. Yatsun a lanƙwashe suke kamar ƙwayar wake, sun manne da juna, akaifun gajeru masu kauri. Ƙafar gaba ta fi ta baya girma sosai. Kura ta yi wuyar gani yanzu cikin ƙasar noma. In ka ga sawunta ka sanar da makiyaya da ma'aikatan gandun daji.

Sawun jibda yana kama da na ƙaramin kare amma ya fi zagaye. An fi samunta inda akwai duhuwa da ruwa, kamar bakin gulbi da korama.

MASU YATSU HUƊU BA AKAIFU

Wannan sawun mussa ne. Mussa tana ɓoye akaifunta in tana tafiya. Sawun zagayayye ne, kamar santimetir 3 da rabi zuwa 4, kuma bayan tafin yana da kunne uku. Mussar gida da ta daji sawunsu kusan ɗaya ne. In fagen yana kusa da gari, ka fara zargin ta gida.

Sawun inyawara yana kama da na mussa amma ya fi shi ƙanƙanta. Yatsunta biyar ne, sai dai na biyar ƙarami ne, yana can baya daga gefen ciki, sai ƙasa ta yi laushi sosai yake fita. Inyawara mai tabbare-tabbare ce, da doguwar wutsiya mai zobba. Gwanar hawa ce, kuma kafar da kanta ya shiga jikinta ma yana shiga.

MASU YATSU BIYAR DA DOGAYEN AKAIFU

Tunku yana da siririn sawu, santimetir 3 zuwa 4, da akaifu masu tsini. Sau da yawa yatsu huɗu kawai suke fita. Akwai babba mai farar wutsiya da yake yawon dare, akwai siriri da yake yawon rana. Yana cin ƙwari, kusu da macizai, yana kuma son ƙwai.

Sawun bodari ƙarami ne, bai fi dala ashirin guda ba sosai, amma akaifun gaba dogaye ne, suna barin ɗigo nesa da yatsu. Baƙi ne mai farin zane a baya, kowa ya san warinsa. Kusu da ƙwari ne abincinsa, kada ka kashe shi a gona.

Sawun dage irin na bodari ne amma babba, ya kai santimetir 7 ko 8, mai faɗi, akaifun gaba kamar haƙoran manjagara. Yana da ƙarfi ƙwarai. Shi ne mai fasa amya, yana kuma iya rushe akurkin kara.

MASU CIN HATSI DA SAURANSU

Kurege da burgu da gafiya da kusu, ƙafarsu ta gaba yatsu huɗu take nunawa, ta baya biyar, kuma ta baya ta fi tsawo. Kurege da rana yake aiki, yana tsalle, akaifunsa dogaye, shi ne mai tone gyaɗa bayan shuka. Burgu da gafiya da dare suke fita, wani lokaci ka ga alamar wutsiya. Sawun kusu ƙanana ne birjik, kamar an yayyafa. Akwai kusun daji mai dogayen ƙafafun baya, sawunsa bibbiyu ne a jere, da tazara tsakani.

Bushiya akasin haka take: yatsu biyar gaba, huɗu baya. Sawunta bai kai dala ashirin ba, takunta gajere. Ƙwari take ci, ba ta ɓarnar hatsi.

Tafin zomo gashi ne, don haka yatsu ba sa fita sosai. Ka duba tsarin: dogayen sawu biyu gefe da gefe a gaba, ƙanana biyu a baya, ɗaya bayan ɗaya. Dogayen nan ƙafafun baya ne da suke wuce na gaba in yana tsalle.

Beguwa tana barin sawu mai faɗi, na baya kamar ƙafar jariri, da ƴan layuka inda ƙayoyinta suka ja ƙasa. Tana tone rogo da dankali a garka.

Damo da guza suna barin yatsu biyar dogaye dama da hagu, da layin wutsiya mai lanƙwasa a tsakiya. Guza mai shan ƙwai ne, yana kama ƴan tsaki. Damo cikin damana aka fi ganinsa, da rani ɓoyewa yake. Layi kaɗai ba ƙafafu, maciji ne. Sawu kamar hannun yaro, biri ne. Yatsu uku gaba da ƙarami guda baya, zabon daji ne ko fakara.

RUBUTU DA LISSAFI

Nan ne karatunka zai yi maka rana. Ka ja layi cikin kaye, gida biyar: kwanan wata, lambar fage, wuri, hannu yana nan ko ya shafe, sunan dabba. Sawun da ba ka gane ba ka zana shi daidai girmansa, ka rubuta tsawo da faɗi. In kana da salula mai hoto ka aje dala ashirin kusa da sawun ka ɗauka daga bisa. Ka kai wa tsohon maharbi ko ma'aikacin gandun daji. Gara ka rubuta ba a gane ba da ka rubuta ƙarya.

Ka kiyaye wannan doka: iri ɗaya, a fage ɗaya, a dare ɗaya, sau ɗaya ake ƙirga shi, ko sawunsa ya cika da'ira.

Ga misali. Ka yi fage 10, dare 3, ya zama 30. A ce awaki sun tattake 3, iska ta shafe 2, saura 25 masu kyau. A ce dila ya taka 5 daga ciki, yanyawa 8, kusu 15. Ka ninka kowane da 100 ka raba da 25. Dila ya ba da 20, yanyawa 32, kusu 60.

Wannan lissafi bai gaya maka dila nawa ne cikin daji ba. Amfaninsa gwadawa. In baɗi ka sake yi a wuri ɗaya, wata ɗaya, da wari iri ɗaya, za ka ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. In lambar kusu ta hau ƙwarai da bazara, ka san shukarka tana cikin haɗari, ka gaya wa malamin gona tun da wuri, ku gyara rumbuna, ku share ciyawar iyakar gona. Haka kuma inda manoma suke barin itatuwa su tofo cikin gonaki, wato sassaben zamani da ya bazu daga jahar Maraɗi tun shekarun 1980, kayenka zai nuna maka ko ƙananan namun daji suna dawowa tare da itatuwan.

KAMA ƁARAWON AKURKI

Ka ji da kyau. Fage mai wari yana nuna wanda yake yawo a karkara. Bai nuna wanda ya ci kazarka ba. Dila yana iya sansanar tsummanka alhali bai taɓa shiga gari ba.

In ɓarawon kake nema, ka yi fage marar wari. Da magariba, bayan kaji sun shiga, ka share kewayen akurki, ka tankaɗe ƙasa da toka faɗin metir 1 ta zagaye shi duka. Haka za ka yi gindin rumbu, ko bakin kafar shingen garka, ko ƙarƙashin iccen da ka rataye amya. Wanda ya zo ya koma, sawunsa zai nuna ta inda ya shiga. Wani lokaci ma sawun da za ka tarar na takalmi ne. In haka ta faru, kada ka ɗauki doka a hannunka, ka kai magana gun mai gari.

MAGANI BAYAN SANI

In dila ne ko kare: ka gina akurkin laka, gindinsa ya nutse cikin ƙasa, ka rufe bakinsa da katako ka danne da dutse mai nauyi. Ƴan awaki da ƴan tumaki su kwana cikin shingen ƙaya mai kauri, kada a sake su daji su kaɗai.

In inyawara ce ko mussa ko tunku ko bodari: ka toshe duk kafar da ta wuce yatsu biyu, har ta rufi. Kafar shan iska ka sa mata ragar waya. Kada kaji su kwana bisa icce ko bisa danga. Ka riƙa kwashe ƙwai da marece.

In dage ne: ka ɗaga amya sama, ka rataye ta da waya a reshe nesa da gindin icce.

In kusu ne ko burgu: ka ɗaga rumbu bisa duwatsu ko ƙafafu, ka naɗa wa ƙafafun gwangwani mai santsi, ka share kewaye, ka kafa tarko inda sawu ya nuna hanyarsu.

GARGAƊI

Fagen sawu na sani ne, kada ka mai da shi wurin kafa tarkon naman daji. A 1998 ƙasarmu ta kafa dokar da ta tsara farauta da kare namun daji. Kafin ka taɓa wata dabba ka tambayi ma'aikatan gandun daji.

Ka aje kwalbar wari inda yara ba sa kaiwa, ka wanke hannu da sabulu bayan aiki. Kada ka sa hannu cikin rami. In ka ga dila ko kare yana yawo da rana tsaka ba ya tsoron mutane, yana dalalar da miyau, ka nisance shi, yana iya zama mahaukaci. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ran nan, kada a jira. Ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya warkewa, amma allura tun da wuri tana hana shi.

AIKIN GAYYA

Wannan aiki ya fi daɗi in an taru. Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci tare, ku raba fage tsakaninku, mutum biyu fage biyar. Ku gayyaci tsohon maharbi ko makiyayi ya raka ku da safe. Shi ya san sawu, ku kun iya rubutu. Abin da yake cikin kansa ya shiga kaye, kada ya tafi da shi. Ku tafi da yara su koya. Mata masu kiwon kaji su yi nasu fage a bakin akurki, tun da asarar tasu ce.

In kun gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani: sunan garinku, watan da kuka yi, fage nawa, da dabbobin da suka taka. Ku haɗo da zanen sawun da ya gagare ku. Za mu karanta cikin shirin manoma, don mutanen Tawa su ji abin da yake yawo a gonakin Damagaram, na Maraɗi su ji na Dogon Dutsi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu. Sai wani jiƙo.